Kamun Ƙafa Ko Gangami: Wanne Ya Fi Motsa 'Yan Majalisar Jiha?

Duk ƙungiyar al'umma da ta taɓa neman a kafa wata doka ko a gyara wata ta san wannan gardamar. Ana zaune a taro, sai wani ya ce a nemi ɗan majalisa a same shi a ofis, a yi masa bayani cikin mutunci. Wani ya miƙe ya ce an gaji da fadanci, a tara jama'a a ƙofar majalisa, a kira 'yan jarida, su gani da idonsu cewa mutane sun farka. Na farkon yana kallon na biyu a matsayin mai neman tayar da zaune tsaye, na biyun kuma yana zargin na farko an riga an toshe masa baki. Galibi taron kan watse a kan "a yi duka biyun", abin da a aikace yake nufin babu wanda za a yi da kyau. Ƙungiyar da mutum goma sha biyar ke ɗauke da ita bayan sun taso daga wajen aikinsu ba ta da ƙarfin buɗe fage biyu rana guda. Dole a zaɓi wanda za a fara da shi, a zuba masa mafi yawan lokaci da ɗan abin da ke asusu.

Ni a ganina, kuskuren da aka fi yi shi ne barin halin shugabanni ya yanke hukuncin. Idan shugaba mai sanyi ne sai a bi ofis-ofis, idan mai zafi ne sai a fita titi. Abin da ya kamata ya yanke hukuncin shi ne dalilin da ya sa buƙatar ta maƙale. Ɗan majalisar da bai san matsalar ba da wanda ya san ta sarai amma yake tsoron wani da ya fi ku ƙarfi, maganinsu ba ɗaya ba ne.

A fara da duba mutumin da ake son a motsa. Ɗan majalisar jiha ba sanatan tarayya ba ne. Mazaɓarsa ta fi ƙanƙanta, masu taya shi aiki kaɗan ne, wani ma mataimaki ɗaya gare shi da wayar hannu. A Najeriya kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kada majalisar jiha ta gaza mutum 24, kada kuma ta wuce 40, kuma kashi ɗaya bisa uku na mambobi sun isa a buɗe zama. Wato a ƙaramar majalisa mutum 13 sun isa su zartar da doka ko da kowa ya halarta. A jihar New Hampshire ta Amurka majalisar wakilai na da mutum 400, albashin kowannensu dala 100 ne a shekara, kuma mutum dubu uku da 'yan kai yake wakilta. Irin wannan wakili maƙwabci ne da ake gamuwa da shi a hanya. A Kalifoniya kuwa sanatan jiha ɗaya yana wakiltar kusan mutum miliyan guda, da ofis cike da ma'aikata. Majalisar Teksas kwana 140 kacal take zama cikin shekara biyu in ba gwamna ya kira zama na musamman ba, alhali ta kowace jiha a Najeriya tilas ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Sunan aikin ɗaya ne, amma dabarar da ta ci a wannan majalisa tana iya faɗuwa warwas a waccan. Abin da suka haɗu a kai shi ne ƙarancin adadi: mutanen da za ku shawo kansu ana iya rubuta sunayensu a takarda guda, a sa alama gaban kowa.

Kamun ƙafa

Kalmar ta ɗauki datti a bakin mutane, har wasu na jin ta kamar ƙanwar cin hanci. Abin da nake nufi da ita a nan shi ne ku san wa ke riƙe da ƙudirin a kowane mataki, ku je masa da kanku, ku kai masa abin da ba shi da shi. Abin da ya fi ƙaranci a hannun ɗan majalisar jiha kuwa shi ne lokaci da masu yi masa bincike. Ƙudirori da dama ne a gabansa, daga na haraji zuwa na asibitoci, kuma ba zai zama gwani a kan kowanne ba.

Hanyar ƙudiri sananniya ce: karatu na ɗaya, karatu na biyu inda ake muhawara a kan manufarsa, sai a miƙa shi ga kwamiti, kwamiti ya saurari ra'ayin jama'a in ya ga dama, ya kawo rahoto, a yi karatu na uku, a kai wa gwamna. Wanda bai saba ba yakan zuba ido a kan ranar ƙuri'a. Amma yawancin ƙudirori ba su kai wa ga ƙuri'ar ma. A aljihun teburin shugaban kwamiti suke mutuwa, ko a hannun masu tsara jadawalin zama, ba tare da kowa ya fito ya ce ya ƙi ba. Majalisar Nebraska mai mutum 49, wadda ita kaɗai ce mai zaure ɗaya a duk Amurka, ta yi suna ne don kusan kowane ƙudiri da aka gabatar mata sai an saurari jama'a a kansa. Yadda ake yaba mata a kan wannan ya isa ya nuna cewa a yawancin wurare ba haka abin yake ba.

Don haka mai kamun ƙafa na gaskiya ba wakilin mazaɓarsa kaɗai yake nema ba. Yana neman shugaban kwamitin da abin ya shafa, da shugaban masu rinjaye, da kakaki idan ƙofa ta buɗu. Sannan akwai mutumin da kusan kowa ke mantawa da shi, wato akawun kwamiti. Shi ma'aikaci ne, zaɓe ba ya kawar da shi, ya ga 'yan majalisa sun zo sun tafi, shi ke haɗa rahoto, kuma shi ya san ranar da za a zauna tun kafin a sanar. Gaisuwar mutunci da shi ta fi hoto goma da kakaki amfani.

Makami mafi kaifi a wannan hanya shi ne rubutaccen daftari. A 2019 jaridar USA Today da wasu abokan aikinta sun binciki ƙudirorin majalisun jihohin Amurka na tsawon shekara takwas, suka gano fiye da 10,000 da aka kwafo kusan kalma da kalma daga daftarin da kamfanoni da ƙungiyoyi suka rubuta, kuma sama da 2,100 daga ciki sun zama doka. An buga labarin ne a matsayin fallasa, kuma ya cancanci hakan. Amma mai fafutuka yana da darasin ɗauka a ciki: wanda ya zo da takarda a rubuce ya riga wanda ya zo da kuka. Idan iyayen yara masu buƙata ta musamman suka ce "a taimaka mana", za a jajanta musu. Idan suka ajiye shafi shida da lauya ya duba, ga sashen da za a gyara, ga abin da zai ci a kasafin kuɗi, ga jihar da ta riga ta yi irinsa ba ta rushe ba, sun mayar da jajen zuwa aikin da za a iya sa wa lamba a shigar da shi jadawali. 'Yan majalisa na son jin cewa wata jiha ta gwada, domin babu mai son ya zama zakaran gwajin dafi.

Wani abin da za ku iya kai masa shi ne ra'ayin mutanensa. A 2008 wasu masana biyu, Daniel Butler da David Nickerson, sun tambayi dubban mazauna jihar New Mexico ta Amurka ra'ayinsu a kan shirin kashe kuɗi da gwamna ya gabatar, sannan suka aika wa kusan rabin 'yan majalisar wakilan jihar sakamakon mazaɓunsu, suka bar sauran ba su aika musu ba. Waɗanda suka samu sakamakon sun fi kaɗa ƙuri'a daidai da ra'ayin mazaɓunsu. Babu wanda ya yi musu barazana, gaya musu kawai aka yi. Muna yawan ɗauka cewa ɗan siyasa ya san abin da jama'arsa ke so ya take sani, alhali sau da yawa muryar 'yan tsirarun da ke kewaye da shi yake ji ya ɗauka ta gari ce.

Ita kanta ganawar ba ta son taron yuyuyu. Mutum uku ko huɗu sun isa, kuma lallai a samu masu ƙuri'a a mazaɓarsa a cikinsu, domin abin da yake fara tambaya a ransa shi ne "waɗannan nawa ne?" A bar wanda abin ya shafa ya yi magana da bakinsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Buƙata ta zama ɗaya, kuma wadda za a iya amsa ta da e ko a'a: zai ɗauki nauyin ƙudirin, zai nemi a sa ranar sauraro, zai yi magana da shugaban kwamiti? Kafin a tashi a tambaye shi me zai hana, kuma wa ya kamata a gani bayansa. Amsar waɗannan tambayoyi biyu ta fi alkawarinsa daraja. Kada a ƙara gishiri a alƙaluma ko sau ɗaya. Ranar da ya maimaita lambar ƙarya a zaure wani ya ƙure shi, kun rasa shi har abada.

Raunin wannan hanya ba ɓoyayye ba ne. Tana da jinkiri, kuma cike take da romon baka. Ɗan siyasa ya ƙware wajen sallamar baƙo cikin farin ciki ba tare da ya ba shi komai ba, kuma ƙungiya na iya shekara biyu tana tara "in sha Allahu za mu duba" tana ɗauka ci gaba take samu. Idan wa'adin majalisa ya ƙare, ƙudirin da bai kammala ba yakan mutu tare da ita, kuma mai yiwuwa aminin da kuka yi shekara uku kuna ginawa bai dawo ba. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan muni: shugabannin ƙungiya su saba da sanyin ofis, a ba su kujera a wani kwamitin ba da shawara, a hankali su koma masu kai wa jama'a uzurin gwamnati. Sauran mambobi da ba a shiga da su ba sai su fara zargi, ko da babu abin zargi. Sannan idan mutumin ya riga ya san gaskiya, amma amincewa da ku za ta jawo masa fushin uban gidansa ko asarar tikiti, to ko wace irin takarda kuka kai masa, ba za ta yi nauyin abin da yake tsoro ba.

Gangami

A nan ne gangami ke shigowa. Aikinsa shi ne ya sauya lissafin: ya sa yin shiru ya fi amincewa tsada.

A watan Fabrairun 2018 malaman makarantun gwamnati a jihar West Virginia ta Amurka suka ajiye aiki a dukkan gundumomi 55 na jihar, suka cika harabar majalisa. Makarantu sun yi kwana tara a rufe, kuma ba su koma ba sai da aka sa hannu a dokar ƙarin albashi na kashi 5 cikin ɗari. A cikin watan ne kuma, ranar 14, wani ɗan bindiga ya kashe mutum 17 a wata makarantar sakandare a Parkland ta jihar Fulorida. Ɗaliban da suka tsira suka hau motoci zuwa Tallahassee, babban birnin jihar, suka shiga ofisoshin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya kyamarori na biye da su. Ranar 9 ga Maris gwamna Rick Scott ya sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun sayen bindiga zuwa 21, a jihar da masu kare haƙƙin mallakar bindiga suka daɗe suna da ta cewa. Ƙasa da wata guda ke nan. Kamun ƙafa na shekara goma bai isa ya yi wannan ba.

Masu son fita titi sukan tsaya a nan, amma sai a haɗa da Wisconsin. A 2011 gwamna Scott Walker ya kawo ƙudirin rage wa ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati ikon ciniki da gwamnati a kan haƙƙoƙinsu. Dubun dubatar mutane suka yi makonni suna zanga-zanga a Madison, babban birnin jihar, wasu na kwana cikin ginin majalisa, sanatocin adawa 14 suka tsallaka zuwa jihar Illinois don a rasa adadin da za a zauna. Duk da haka dokar ta wuce a watan Maris. Aka tara sa hannu aka yi wa gwamnan kiranye, ya sake cin zaɓen a Yunin 2012. Taron Wisconsin ya ninka na West Virginia, amma ya tashi a tutar babu.

Bambancin ya cancanci a tsaya a kansa, don a cikinsa sharuɗɗan gangami suke. Malaman West Virginia suna riƙe da abin da jiha ba za ta iya rayuwa babu shi ba, kuma buƙatarsu lamba ce da kowa zai iya faɗa cikin numfashi ɗaya. A Fulorida majalisa tana cikin zamanta na shekara, saura 'yan makonni ta tashi, zaɓe na tafe a watan Nuwamba, kuma masu maganar yara ne da ba a iya yi musu tambarin jam'iyya cikin sauƙi. A Wisconsin kuwa rigimar ta zama ta jam'iyya da jam'iyya tun ranar farko. Ɗan majalisar ɓangaren gwamna da ya leƙa ta taga ya ga taron, mutanen da dama can ba za su zaɓe shi ba ya gani, kuma ja da baya zai zame masa cin amanar nasa mutanen. Taro yana tsorata ɗan majalisa ne idan ya hango masu zaɓensa a ciki. In babu su, ƙara masa taurin kai yake yi.

Tsadar gangami kuma ta fi yadda ake zato. Akwai sufuri, akwai tsaron lafiyar waɗanda aka gayyato, akwai sha'anin 'yan sanda. Dutse ɗaya daga hannun wanda ba ku san shi ba ya isa ya mayar da labarin gobe na tarzoma, a manta da ƙudirin. 'Yan adawa na iya shigowa da tutocinsu su karɓe taron, daga nan kun zama 'yan siyasa ko kun so ko kun ƙi. Kuma harsashi ne da ba a cika samun na biyunsa ba: idan kun kawo mutum dubu biyar a karon farko, ɗari uku a na biyu, waɗanda ke ciki sun ƙirga, sun kuma gane cewa haƙuri kawai za su yi ku gaji. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda gangamin da ba a tsara ba yake ƙona abokin da ke ciki. Ɗan majalisar da ke ta lallaɓa abokansa a ɓoye, ranar da aka zagi majalisa baki ɗaya a ƙofarta, dole ya zaɓi tsakanin ku da su, kuma da su zai ci gaba da zama.

Sai dai gangami ba titi kaɗai ba ne, kuma ƙananan nau'o'insa ne aka fi rainawa. A wani gwaji da Daniel Bergan da Richard Cole suka yi a jihar Michigan, an sa mazauna wasu mazaɓu su kira ofisoshin wakilansu a waya a kan ƙudirin hana cin zali a makarantu, aka bar wasu ofisoshin ba a kira ba. Yiwuwar goyon bayan ƙudirin ta ƙaru da kimanin maki 12 cikin ɗari a wajen waɗanda aka kira. A majalisar jiha, inda ofis ba ya samun kira da yawa a kan doka, mutum ashirin daga mazaɓa ɗaya a mako ɗaya abin lura ne. Shirin rediyo da ake buga waya a ambaci sunan ƙudirin da sunan shugaban kwamitin da ke riƙe da shi ma haka. Shafukan sada zumunta kuwa ina yi musu kallon ganga: suna tara mutane, suna jawo 'yan jarida, amma saƙo dubu iri ɗaya daga mutanen da ba a san inda suke zaɓe ba, sharewa ɗaya ake yi musu. Barazanar kiranye ma gara a bar ta. A Najeriya sai an samu sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. A yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a 2018, sa hannun kusan kashi 5 cikin ɗari na masu rajista kawai aka iya tantancewa. 'Yan majalisa sun san wannan lissafin fiye da ku.

Zaman sauraren ra'ayin jama'a yana tsakiyar hanyoyin biyu. Rubutacciyar takardar da kuka miƙa tana shiga rahoto, zauren da kuka cika da mutane yana shiga ido. Amma kada a ruɗe da shi: sau da yawa an riga an gama magana kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya.

Inuwar gwamna

Akwai tambayar da ke iya rushe duk wannan lissafi: shin majalisar ce ma ke yanke hukunci? A takarda, gwamnan jiha a Najeriya yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, kuma kashi biyu bisa uku na majalisa na iya tsallake shi. A aikace ba kasafai ake ganin haka ba. A gyaran tsarin mulki na 2010 an miƙa wa majalisun jihohi damar samun 'yancin kuɗinsu, amma aka kasa samun adadin jihohin da ake buƙata. Sai a 2018 gyaran ya shiga. Majalisar da ta kasa karɓar 'yancin aljihunta ba za ta yi faɗa da gwamna a kan buƙatarku ba. A irin wannan wuri, kamun ƙafar da ya tsaya a majalisa rabin aiki ne. Sai a haɗa da kwamishinan da abin ya shafa da ma'aikatar shari'a, a yi ƙoƙari ƙudirin ya fito daga ɓangaren zartarwa, domin irinsa ne ke wucewa cikin kwanaki. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 misali ce: Abuja kaɗai ta shafa, sai kowace jiha ta yi tata. Ƙungiyoyin mata sun yi shekaru suna bin majalisu da daftari a hannu, tafiyar na jan ƙafa. Da fushin jama'a ya tashi a kan fyaɗe a 2020, har ƙungiyar gwamnoni ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan matsalar a watan Yuni, sai jihohi suka riƙa amincewa da ita a jere. Fushin ne ya buɗe ƙofar, amma da babu daftarin da aka daɗe da ajiyewa, da ba a samu abin shigarwa ba.

Haka ma yunƙurin matasa na rage shekarun tsayawa takara, wanda ƙungiyar Yiaga ta jagoranta. Gyaran tsarin mulki ne, don haka bayan majalisar tarayya sai an samu amincewar aƙalla majalisun jihohi 24 cikin 36. Sun kafa wakilai jiha-jiha suna bin 'yan majalisa ɗaya-ɗaya, suna kuma fitowa tattaki a lokacin da aka ga ana neman yin watsi da maganar. An sa hannu ranar 31 ga Mayun 2018, shekarun takarar majalisar jiha suka sauko daga 30 zuwa 25. A Rajasthan ta Indiya kuwa tafiyar daga waje ta faro. Ƙungiyar manoma da leburori ta MKSS ta fara tara mutanen ƙauye tun 1994 ana karanta takardun ayyukan gwamnati a bainar jama'a, mutane na jin an rubuta an biya su kuɗin aikin da ba su karɓa ba. Suka yi zaman dirshan na kwana 40 a garin Beawar a 1996. Jihar ta yi dokar 'yancin samun bayanai a 2000, ƙasar baki ɗaya ta bi a 2005. Su ba su da ƙofar da za su ƙwanƙwasa tun farko, domin waɗanda dokar za ta tona wa asiri su ne masu riƙe da makullin.

To, wanne za ku ɗauka?

Ga ƙaramar ƙungiya da buƙatarta ba ta taɓa aljihun wani babba ba, kamar gyaran sashe a dokar da ke akwai, ko shigar da wani rukunin mutane da aka manta, ko kwafo dokar da tarayya ko wata jiha ta riga ta yi, ni kamun ƙafa zan ce, ba tare da jinkiri ba. Ya fi arha, ba ya jefa kowa cikin haɗari, kuma ko bai ci ba zai nuna muku ainihin inda ƙayar take. Wannan ribar ta ƙarshe ita ta sa nake ganin ko masu niyyar fita titi ya kamata su fara zagaya ofisoshin. Gangamin da aka yi bayan an gana da mutum 20 ya san sunan wanda zai kira. Wanda aka yi kafin nan majalisa kawai yake yi wa ihu, kuma majalisa gini ce.

Amma a sa wa lallashi wa'adi tun farko, a rubuta shi, kowa ya sani. Alamomin cewa lokacinsa ya ƙare a bayyane suke: kowa ya ce yana tare da ku amma babu wanda ya yarda a rubuta sunansa a kan ƙudirin, an ɗage ranar sauraro sau uku babu dalili, wani ya ja ku gefe ya ce maganar ta fi ƙarfinsa. Idan aka kai nan, sai ku tambayi kanku da gaskiya ko kuna da abin da West Virginia da Fulorida suka samu. Za ku iya kawo masu zaɓen mutanen da ke tare hanyar, ba magoya bayanku na kullum kaɗai ba? Buƙatar tana faɗuwa cikin jimla ɗaya? Majalisa na zama, ko zaɓen fid da gwani ya matso? Akwai fuskokin da ba za a iya cewa 'yan adawa ne suka turo su ba, kamar malaman addini, likitoci, iyaye, tsofaffin ma'aikata? Idan amsar yawancinsu a'a ce, gara a fara da kiran waya da rediyo a mazaɓu uku ko huɗu da aka zaɓa da gangan, a ajiye titi. Idan kuwa buƙatar tun asali za ta rage wa masu mulki iko ko ta buɗe littafin kuɗinsu, kada ku ɓata shekara biyu kuna jiran shayin ofis. Ku fara da tara jama'a, amma ku ware mutum biyu masu sanyin baki waɗanda ba za su taɓa riƙe lasifika ba, domin ranar da aka ce "ku turo wakilai mu zauna", su za a tura, da daftari a jaka.

Kowace hanya kuka bi, ku rage ƙarfi don abin da zai biyo bayan sa hannu. A 2018 masu zaɓe a Fulorida, kusan kashi 65 cikin ɗari, suka amince a mayar wa waɗanda suka gama zaman hukunci 'yancin kaɗa ƙuri'a. Shekara na zagayowa majalisar jihar ta yi dokar da ta ce sai sun biya duk tarar da kotu ta ɗora musu tukuna. Dokar da ta kafa hukuma amma ba a ware mata ko sisi a kasafin kuɗi ba, suna ne kawai a takarda. A wannan matakin taron titi ba ya da tasiri sosai, domin babu mai fitowa zanga-zanga a kan layi na 214 na kundin kasafi. Aiki ne na mutum biyu ko uku da za su san watan da ma'aikatar ke haɗa ƙiyasinta, su san ranar da za ta je kare shi gaban kwamiti, su kuma kasance zaune a kujerun baya a ranar, da kwafin dokar a hannu an ja layi a ƙarƙashin sashen da ya yi maganar kuɗi.